Baba da Makullin Ɗakin Sanyi

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Baba ya cika ranar Laraba da hantsi, a kan tabarmarsa ta gindin darbejiya, bai ko yi jinyar kirki ba. Kafin la'asar an kai shi. Ni ce 'yarsa ta fari, kuma zan faɗi yadda zaman makokinsa ya kasance, don na san in ban faɗa ba babu mai faɗa.

Ƙanena ya ce sahu biyu aka yi a sallarsa. Sahu biyu! A ƙauyen da ko jariri ne ya koma sai an bar gona an zo. Matan da suka shigo mana gaisuwa kowacce sai ta ɗosana a bakin tabarma kamar za a kore ta, ta ce, "Allah Ya yafe masa kurakuransa," ta ja kalmar ƙarshen nan yadda kowa zai ji. Wata ma, da ta zaci ba na ji, ta ce wa ta kusa da ita, "Yau dai an je inda babu inji." Goggo, ƙanwar Baba, ta zabura za ta yi kanta, Inna ta riƙe mata zane. Tsofaffi biyu suka zo daga birni, abokan aikinsa na da, ɗaya yana dogara sanda. Shi ne ya ce a zaure, "Mun yi aiki da mutane iri-iri, ba mu ga mai riƙon amana kamar wannan bawan Allah ba." Aka ce a zauren ba wanda ya ce haka ne, sai liman ya yi gyaran murya ya ja fatiha.

Maigidana kuwa ya yi rawar gani. Shi ya sa aka kafa rumfa, shi ya turo shinkafa da kujeru, kuma layin masu miƙa masa hannu ya fi na ƙannena tsawo. Ina leƙawa ta katanga ina cewa a raina, Allah Ya saka wa mutumin nan da alheri, ya rufa mana asiri. Haka na ce, wallahi, har da ƙwalla.

Baba manomi ne da ya yi boko. Ƙauyenmu yana gefen Tsanyawa, inda gona ke manne da gona, babu ko tafin hannu na ƙasar da ba ta da mai ita. Ya fara da buga tafireta a wani ofishin ayyukan noma a birni, aka tura shi kwas, da ya dawo aka danƙa masa babbar kwamfutar ofishin. Yaran yanzu in na ce kwamfuta sai su kalli wayarsu. Waccan ɗaki guda ta cinye cur.

Sau ɗaya na shiga ɗakin, ina makarantar horon malamai, Inna ta aike ni da saƙo. Sai an cire takalmi a ƙofa. Sanyi kamar an jefa ka cikin randa. Ga akwatunan ƙarfe a tsaye sun fi mutum tsawo suna ta ƙugi, faya-faye suna juyawa a bayan gilashi. Ma'aikata suna wani ɗaki daban, kowa da allonsa mai koren rubutu, kowane allo da lambarsa, duk an haɗa su da injin da waya. Aikin Baba shi ne ba da izini. Kowane ma'aikaci yana da lambarsa da kalmar sirrinsa, kuma Baba ke gaya wa injin abin da kowace lamba za ta iya yi: wannan ya duba kawai, wannan ya shigar da sabon bayani, wannan ya gyara abin da aka riga aka ajiye. Gyaran nan, lambar Baba kaɗai ke iya yinsa, shi ma sai takarda ta zo da sa hannun shugaba. Kuma duk abin da aka taɓa, injin yana rubutawa: lambar wa, a kan wane allo, ƙarfe nawa.

A gida da rumbu yake kwatanta mana. "Mai leƙa rumbu daban, mai zubawa daban, mai ɗiba daban. Gidan da kowa ke ɗiba ba ya ganin damina." Ranar Juma'a da yamma yake sauka daga bas a Tsanyawa, ya karɓi kekensa a wajen mai faci, da rigar sanyi a kafaɗa ko da tsakiyar bazara ce, ana tsokanarsa ana cewa ga Malam na ɗakin sanyi. Asabar tun da sassafe yana gona. Makullai kuwa a igiya suke a wuyansa, komai nasa a kulle, har akwatin rediyo. Inna takan ce da ana kulle tuwo da tuni mun sha wuya. Kuma bakinsa ba ya rabo da tambaya ɗaya: "Wa ya ba ka izini?" Na taɓa jin ya yi wa akuya ita, ta sa kai a cikin dami.

Ni kuwa bai taɓa kiran sunana ba. Kunyar ɗan fari, kun san ta. Tun yaye Kaka ta ɗauke ni, kuma in dole ta kama ya yi min magana sai ya ce "ke," ko ya ce wa wani, "a gaya wa 'yar gidan tsohuwa." In na shigo sai ya sami abin dubawa a ƙasa. Ranar da na je ofishin nan ma, da abokan aikinsa suka tambaya, cewa ya yi, "Yarinyar gidanmu ce." Na san al'ada ce, amma sani bai hana ni jin ciwo ba. Na girma ina ganin ƙannena ya fi so.

Sai shekarun nan suka zo. Fari ya biyo fari, gero ya tsaya iya gwiwa ya bushe, gwamnati ta ce a tsuke bakin aljihu, sabulu ma sai an yi layi. Gidaje da yawa sun koma ɗora tukunya sau ɗaya, sauran a cike da kwaɗon tafasa. Abin da ya riƙe ƙauyenmu fadama ce. Ana cikin haka aka zo aka ce za a yi madatsar ruwa da za ta cinye fadamar, amma duk mai fili a ciki za a ba shi madadinsa a ƙasan madatsa, ya yi noman rani. Aka bi gida-gida aka rubuta sunaye a gaban dagaci, aka kai birni, aka zuba a injin da Baba ke tsaro, aka rufe. Wanda sunansa ke ciki ya tsira da iyalinsa. Wanda babu, sai dai ya ɗaura kaya ya tafi cirani.

Baffa, ƙanin Baba uwa ɗaya uba ɗaya, ya daɗe da sayar da nasa filin na fadama. Wata Asabar ya zo ya tarar da Baba yana yaɓen rumbu, ina tsakar gida ina tankaɗe.

"Yaya, suna ɗaya ne fa. Wa zai sani?"

"Injin zai sani."

"Injin ne ɗan'uwanka ko ni?"

Baba ya goge hannu a jikin rumbu ya ce, "Filin da zan ba ka, daga hannun wani zan cire. Faɗa min sunan wanda zan cire, in ya so mu je tare ka gaya masa da bakinka."

Baffa ya ce tir da boko, ya ce Allah Ya isa tsakaninsa da zumuncin da ba ya maganin yunwa, ya buga ƙyaure ya fita. Shekara biyu bai tako gidanmu ba. Amma a yammacin nan Baba ya buɗe rumbunsa, wanda bai ko kai rabi ba, ya ɗebo dami biyu ya kai wa matar Baffa da kansa ta ƙofar baya.

Akwai maƙwabciyarmu da muke kira Iya. Mijinta ya rasu ya bar mata 'ya'ya biyar da ɗan fili a fadama. Ita sam ba ta yarda da inji ba. Duk Juma'a tana bakin ƙofa tana jiran kekensa: "Malam, ƙarfen nan naka bai haɗiye ni ba dai ko?" Da abin ya yi yawa sai ya nemi izinin shugabansa, ya bugo mata layinta a irin faffaɗar takardar nan mai huda-huda a gefe, ya tsaya ya karanta mata da ƙarfi: sunanta, sunan marigayi, faɗin fili. Ya ce, "Iya, muddin makullin nan yana hannuna, babu mai taɓa ki." Ta rangaɗa guɗa, ta ƙulle takardar a bakin zane.

Maigidana ɗan ƙauyenmu ne, ɗan aminin Baba. Ni na kawo shi da kaina, ina sonsa kamar in yi yaya. Baba ne ya samar masa aiki a cikin masu shigar da bayani, lambarsa ta shigarwa ce kawai. A ofis ba sa ko haɗa ido saboda kunyar surukai, in Baba zai ba shi aiki sai dai ta bakin wani. Shekarar da aka rufe sunayen nan ina da cikin fari.

Ranar rabon filaye jami'i ya tsaya a ƙofar dagaci yana kiran suna. Gida bakwai ba a kira ba, har da Iya. A madadinsu aka kira wasu sunaye da ba wanda ya taɓa ji a ƙauyen. Iya ta kwance bakin zane ta miƙa takardarta, jami'in ya duba ya ce ai wannan tsohuwa ce, an yi gyara. Aka kafa kwamiti, aka tambayi injin wa ya yi gyaran, injin ya ce lambar Baba. Lokacin soja ne, ba a wasa. Kwana tara aka tsare shi. Abin da ya faɗa a gaban kwamiti bai wuce wannan ba: "Lambata ce. Makulli a hannuna yake, ni ke da alhaki." Da aka rasa shaidar ya karɓi wani abu a hannun kowa, sai aka kore shi hannu rabbana. Maganar filayen kuwa aka ce ana dubawa. Sunayen manya ne aka sa, har yau ana dubawa.

Iya ta zo ƙofar gidanmu ta yayyaga takardar nan ta watsa masa a jiki. Ya sunkuya ya tsince. 'Ya'yanta maza uku suka tafi kudu cirani, ɗaya ne ya dawo. Baba ya koma gona. Ya daina zaman dandali, a masallaci ya koma sahun baya, in an yi suna ko ɗaurin aure sai dai ya ji a bakin yara. Makullan ma ya cire daga wuya. Fiye da shekara talatin a haka, bai taɓa kare kansa a gaban kowa ba.

Dole in faɗi nawa. Ni ma na yarda ya yi. Na ce a raina, mutumin da ya hana ƙaninsa ashe bare yake tanadar wa. Na rage zuwa gida, in na zo ma gaisuwata a tsaitsaye take. Maigidana ya bar ofishin bayan shekara guda ya shiga harkar taki, abu ya buɗe masa, muka gina gida a unguwar Bacirawa, can birni. In na fara ƙorafin abin kunyar da Baba ya jawo mana sai ya ce, "Haba, uba uba ne, ki riƙa haƙuri." Kai, duniya!

Bayan sadakar uku, da la'asar, mutane sun ragu, Inna ta kira ni ɗakin da take takaba. Ta miƙo min ɗan makulli ta nuna akwatin Baba da haɓa. Ta ce, "Ya hana ni faɗa yana raye. Bai ce komai a kan bayan ransa ba."

A ƙarƙashin rigar sanyin nan na sami takarda mai huda-huda, ta yi ja don tsufa, an zagaye layi ɗaya da jan biro. Na karanta: lambar Baba, ranar Juma'a, ƙarfe biyu saura kwata, allo na shida.

Inna ta ce, "A lokacin nan ubanki yana masallacin Juma'a, ofis duk an watse. Allo na shida kuma kin san na wa ne."

Na sani. Sau nawa yana min wasa yana cewa shi ne sarkin na shida. Na zauna a ƙasa. Inna ta ce da safen da labari ya iso ofis, Baba ya riga kowa bugo cikakken bayanin. Da ya ga layin nan sai ya naɗe ya sa a aljihu, ya ba kwamiti gajeren, wanda ke nuna lamba kawai. Su kuma ba wanda ya san akwai dogon balle ya nema.

Na ce, "Inna, to ta ina ya sami kalmar sirrin? Baba da ko rediyo sai ya kulle?"

Ta ce duk sabon ma'aikaci sai Baba ya zaunar da shi ya yi masa karatu ɗaya: ku zaɓi kalmar da bakinku ba zai furta ba ko a mafarki, zuciyarku kuma ba za ta manta ba. 'Yan birni da baƙin da ke ofishin sun ɗauka nasiha ce kawai. Amma akwai mutum ɗaya a wurin da ya tashi a ƙauyenmu, ya san abin da bakin Baba ba ya furtawa.

Inna ta kau da kai, don ita ma ba ta taɓa faɗarsa ba. Ta ce, "Sunanki ya sa. Duk safiya sai ya rubuta shi da yatsunsa kafin ya fara aiki."

Wayyo Allah. Da ɗan gari akan ci gari. Na yi kukan da ban yi ba ranar rasuwar.

Da na natsa na tambaye ta me ya sa ya yi shiru. Ta ce, "Kina wata takwas. Da ya miƙa takardar nan, da an raɗa wa ɗanki suna ubansa yana gidan yari. Kuma da wane ido zai tsaya gaban jama'a ya nuna surukinsa da yatsa?" Na ce ko sun taɓa yin maganar, shi da maigidana? Ta ce ko sau ɗaya. Duk salla yana zuwa ya durƙusa, Baba ya kalli ƙasa ya ce Allah Ya yi albarka.

Ba zan ɓoye ba, na ji haushin Baba ma, yana kabari na ji haushinsa. Ya kulle gaskiya a akwati, ya bar gida bakwai a rana, ya bar ni ina cin abinci kwano ɗaya da wanda ya yi amfani da sunana ya yanka shi. Duk don ni, kuma bai tambaye ni ba. Baba, wa ya ba ka izini?

Washegari da maigidana ya shigo gaida Inna na tare shi a soro na biyu na buɗe masa takardar. Ya daɗe yana kallo. Wallahi ko gumi bai yi ba. Ya ce, "Manya ne suka sa ni. Da na ƙi, da ni za a kora, kina da tsohon ciki. Abin da ya wuce ya wuce. Shi marigayi ya rufe, ke ce za ki tono?" Ya gyara hularsa ya koma rumfa ana miƙa masa hannu.

Na yafa mayafi na nufi gidan Iya. Na ce ko ba komai zan wanke Baba a wurin mutum ɗaya, wadda ta fi kowa cutuwa, wadda ba ta tako mana gaisuwa ba. Na same ta a ƙofar ɗaki, ido ya tafi, tana ɓarar gyaɗa da lalube. Na durƙusa na gaya mata komai, har da allo na shida. Ba ta ko dakata da ɓarar ba.

"'Yar nan, ai mun sani."

"Kun sani? Tun yaushe, Iya?"

"Tun noman farko. Wa aka ba kula da filayen baƙin nan? Ba yayan mijinki ba? Ai ko makaho ya gani."

Na ce, "To me ya sa kuka bar Baba a sahun baya shekara talatin?"

Ta hure ɓawon gyaɗa daga tafinta. Ta ce, "Taki a hannun mijinki yake. Ubanki kuwa ba shi da abin da zai hana kowa. Haushi kuma dole ya sauka a kan wani." Ta ƙara da cewa, "Kuma kada ki wanke shi tas. Ya sani, ya yi shiru. Ya zaɓi tasa 'yar, ni nawa biyu ban san inda kabarinsu yake ba. Da ni ce, da tawa zan zaɓa, ban ce a'a ba. Amma gaisuwa kam ba zan je ba."

Na miƙe ban san yadda na miƙe ba. Har na kai ƙofa ta ce, "Ke kaɗai ce a garin nan ba ki sani ba, don ke aka yi wa."

Na fito da niyyar in tsaya ranar sadakar bakwai in sa a karanta takardar a gaban kowa. Sai na ga wa zan karanta wa? Matan da suka ja min "kurakuransa" sun sani. Masu layin miƙa hannu sun sani. Liman ma ya sani. Ranar bakwai direban maigidana ya zo da mota ɗaukata, na ce ya koma ya ce ban tashi ba. Yau kwana arba'in, ina ɗakin Inna, kuma a nan nake rubuta wannan, don jikokinsa su san wane ne kakansu, da kyansa da laifinsa, daga bakin wadda ta jawo masa.

Ya Allah Ka jiƙan Baba, Ka haskaka kabarinsa, Ka sa shi a sahun gaba ranar da ba a ɓoye komai. Haƙƙin gida bakwai ɗin nan kuwa, ya Ubangiji, in za a nema a fara ta kaina, don ni na ci tuwonsa shekara talatin ina ɗaga wa Baba hanci.